TUN RAN GINI RAN ZANE: YADDA ZA A TSARA GIDA DOMIN MAI KEKEN GURAGU

Jawabina na yau ya shafi duk wanda ya sayi fili yana niyyar gina gida marar bene, musamman idan a cikin iyalinsa akwai mai zama a kan keken guragu. Kada mai takawa da ƙafafunsa ya ce maganar ba tasa ba ce, gama haɗarin mota da shanyewar ɓarin jiki da tsufa ba su yin sallama kafin su shigo gida. Cutar shan inna ma, ko da yake a shekarar 2020 an tabbatar da cewa an kau da asalin ƙwayarta daga Nijeriya, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu magidanta ne da matan aure.

A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Gidan kwana kuwa, alhakin tsara shi yana wuyan mai shi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Abin da za a gyara da fensir a takarda, in an bari aka ɗora bulo, sai da guduma.

Awo uku na farko

Faɗin keken guragu na babban mutum yakan kai santimita 65 zuwa 70, ban da hannayen mai tura ƙafafunsa. Saboda haka kowace ƙofa ta zama ƙafa 3, watau santimita 90, har da ta makewayi, wadda magina suka saba tsukewa. Na biyu, lungun da ake bi tsakanin ɗakuna kada ya gaza ƙafa 4. Na uku, keke ba ya juyawa sai ya sami fili ƙafa 5 tsawo da faɗi, watau mita ɗaya da rabi. Lalle ne a bar irin wannan fili a kowane ɗaki bayan an sa gado da kujeru, ba kafin a sa su ba.

Daga titi zuwa zaure

Mukan ɗaga daɓen gida saboda ruwan damina, wannan kuwa daidai ne. Amma a maimakon matakala sai a yi gangara. Ƙa'idarta ita ce, kowane inci 1 na tudu yana bukatar inci 12 na tsawo. Idan aka ɗaga gida jerin bulo biyu, kimanin santimita 45, gangarar za ta ci wajen ƙafa 18. Kun ga ke nan dole a ware mata wuri tun kafin a haƙa harsashi. Wadda ta fi haka tsayuwa, mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, wajen sauka kuma tana iya kifar da shi. A yi mata ƙarfen dafawa dama da hagu, a bar simintinta da kaushi, sa'an nan a shimfiɗa fili daidai a bakin ƙofa, inda zai tsaya ya buɗe ba tare da keken ya koma da baya ba. Idan lambatu ya ratsa ƙofar gida, a rufe shi da kankare.

Mai keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu kuma, a tuna ya fi tsawo. A faɗaɗa zaure yadda zai shiga da shi ya ajiye, kada a yi masa kwana mai tsanani.

Ɗakuna da tsakar gida

Babban abin da ke tsare mai keke a gidajenmu shi ne dokin ƙofa. Ana yinsa don tare ruwa, amma magudana mai murfin raga a bakin ƙofa tana yin wannan aiki. A daidaita daɓen ɗakuna duka a kan layi ɗaya; inda tudu ya zama tilas, kada ya wuce rabin inci. Tsakar gida mai rairayi tana cije ƙafar keke, don haka a zuba hanyar siminti daga zaure zuwa ɗakuna da madafa.

Ɗakin mai keke ya kasance kusa da inda iyali ke taruwa. Kuskure ne a kai shi ƙuryar gida da sunan hutu, alhali kuwa keɓe shi aka yi. In da hali a yi masa ƙofa ta biyu mai fita waje saboda gobara, a kuma sauke tagarsa yadda zai ga waje daga zaune.

Makewayi da madafa

A nan mutuncin mutum yake. Makewayi ya haɗu da ɗakinsa, ƙyaurensa ya riƙa buɗewa ta waje, don idan ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ƙofa. A sa masai na zama mai tsayin kamar santimita 45 zuwa 48, daidai da kujerar keke, a bar fili a gefensa, a kafa ƙarafan dafawa cikin bango da ƙarfi. Wurin wanka kada a kewaye shi da dakali. A karkata daɓen kaɗan wajen rariya, a sa abin zama, a kuma guji tayil mai santsi.

A madafa, teburin aiki ya tsaya wajen santimita 80, a bar ƙarƙashinsa fayau domin gwiwoyi su shiga. Makunnin lantarki da famfo da sakata, duk su zauna tsakanin ƙafa 3 da ƙafa 4 daga ƙasa.

A ƙarshe

Kafin mai zanen gida ya kammala aikinsa, a zaunar da mai keken a ji ta bakinsa, gama ya fi kowa sanin inda yake maƙalewa. A shata ɗakunan da toka a filin, ya bi su da kekensa ɗaya bayan ɗaya. Faɗaɗa ƙofa a lokacin gini ɗan ƙari kaɗan ne; fasa bango daga baya kuwa kashe kuɗi ne sau biyu. Gidan da mai keke zai shiga ya fita ba tare da an ɗauke shi ba, shi ne gidan da tsoho da mai juna biyu da yaro mai tatata za su zauna lafiya. Ku kai wannan magana ga magininku kafin ya ja igiyar awo.