Jawabi a taron ƙungiya: tafiya da doki



Da yawanmu mukan shekara a Kano ko Damagaram ba mu taɓa linzami ba. Ran da muka dawo, sai mu ɗaura sirdi mu nufi Bande ko Waca. To, dokin ya shekara a turke, mu kuma hannunmu ya manta. Nan hatsarin yake.

Na farko, a yi kwana biyu ana ɗan zagayawa da shi a gari. Kafin a hau, a duba majayi da igiyar likkafa. Fatar da ta bushe ba ta sanarwa in za ta tsinke.

Na biyu, hanya ta sake. Ran Alhamis, babura da motocin kasuwar Maigatari suna cika hanyar Dungas. In doki ya fara zabura, a sauka a ja shi. Ba abin kunya ba ne.

Na uku, da bazara a tashi da asuba, a huta da rana. Da damina kada a faɗa Korama sai an tambayi mutanen wurin.

Na huɗu, kada a shayar da shi a kwami ɗaya da baƙin dabbobi. Mu tuna murar 2019 da ta kashe jakuna da dawaki. Dokin da ke tari, a kira masa likitan dabbobi, a fasa tafiyar.

Tafiya sannu sannu, kwana nesa. Allah ya kai mu lafiya. Wassalam.