Jajayen tsutsotsi a tankin tarwaɗa: a kashe su ko a bar su?

Masu kiwon tarwaɗa daga Wurno har Goronyo suna yawan tambayata kan jajayen tsutsotsin nan na ƙasan tanki. Ni dai shawarata, kar ka zuba maganin ƙwari, zai iya kashe maka kifin. 'Ya'yan wani ƙwaro ne mai kama da sauro, amma ba ya cizo. Ragowar abinci da kashin kifi suke ci, tarwaɗa kuma ta cinye su. Amma fa in sun yi yawa, abinci ne kake zubawa fiye da kima, ruwa ya ƙazantu. Rage hannu, ka canja ruwa. Matsattsaku ne abin tsoro, jinin kifi yake sha. In daga Gulbin Rima kake ɗibar ruwa, tace shi kafin ya shiga tanki.