Sanƙo da Ƙwayoyin Maganinsa: Jawabi ga Mazajen Jos



Hausawa kan ce sanƙo alamar arziki ne, amma saurayin da ya duba madubi ya ga goshinsa yana ta faɗi, wannan magana ba ta sanyaya masa rai. A nan Jos, inda sanyi kan sa kowa ya rufe kai, da yawa suna ɗora laifin a kan hula. Hula ba ta da laifi. Sanƙon maza gado ne. Abin da ke tayar da shi wani sinadari ne na jikin namiji wanda likitoci ke kira DHT, shi ne ke tsuke saiwar gashi sannu a hankali har gashin ya sirance, ya daina tsirowa.

Akwai ƙwayar da ke rage wannan sinadari, sunanta finasteride. A 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa ba dattawa miligiram 5 domin kumburin furostet, watau tsokar nan ta ƙarƙashin mafitsara wadda kan tare fitsari. Sai a 1997 aka yarda da ita domin sanƙo, amma miligiram 1 kacal, sau ɗaya a rana. A nan ne mutane ke kuskure. Wani ya shiga kemis a Terminus, ya ga mai lamba 5, ya ɗauka ta fi ƙarfi, za ta fi saurin aiki. Ko kusa. Ƙarin awo ba ya ƙara gashi ko sili ɗaya. Wanda ya manta bai sha jiya ba, kada ya haɗa biyu yau.

Maganin yana bukatar haƙuri. Akan yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga alama, wani lokaci sai shekara ta zagayo, kuma ya fi iya tsare gashin da ya rage bisa ga dawo da wanda ya daɗe da tafiya. Ranar da aka daina sha, cikin shekara guda kai zai koma yadda yake.

Lalle ne kuma mutum ya san farashin da zai iya biya. Wasu 'yan kaɗan sukan sami raguwar sha'awa ko rashin ƙarfin gaba, wasu kuma baƙin ciki marar dalili. Wanda ya ga haka ya koma wurin likita, kada kunya ta hana shi. Ƙwayar tana rage sakamakon gwajin jinin furostet da kusan rabi, saboda haka duk mai shanta ya faɗa kafin a gwada shi, don kada cutar daji ta ɓuya. Abin da ya fi duka nauyi shi ne mace mai ciki: kada ta sha, kada ma ta taɓa ƙwayar da aka fasa ko aka daka, domin tana iya lahanta al'aurar ɗa namiji tun yana ciki. Maigidan da ke gutsura babbar ƙwaya da reza a ɗakin matarsa don ya rage kuɗi, ya yi tunani.

Akwai kuma minoxidil. Asalinsa maganin hawan jini ne mai tsanani, sai aka lura masu shansa gashi yana fito musu, aka yi na shafawa a 1988. Wasu likitoci sukan ba da ɗan kaɗan na haɗiya, ba ya wuce miligiram 5, amma sai sun auna jini sun saurari zuciya, domin yakan kawo kumburin ƙafa da bugun ƙirji. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda kada ya kusance shi da kansa.

Ba kowace zubar gashi ce sanƙo ba. Makero da ƙarancin jini su ma suna zubar da gashi, kuma maganinsu dabam ne. Likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, shi zai bambance su, ya rubuta awon da ya dace. Wajen saye kuma a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin.