Ina Ungulu Ta Shiga? Jawabi Ga Mahauta Da Masu Magani

Ranka ya daɗe Sarkin Fawa, iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Sabo, Ibadan.

Da can ungulu cika kwata take yi. Yau fa? Ganinta sai an dace. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa irin ungulun nan ta kwata cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Dalilan sanannu ne: gubar da ake barbaɗa wa mushe, da cinikin kawunanta a kasuwannin magani.

Ita ce fa ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo mana cuta. In ta ƙare, karnuka da ƙudaje za su gaje ta.

Don Allah, jama'a, kada mu saya, kada mu sayar, kada mu sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai.

Allah ya sa mu dace.