Gani Biyu-Biyu da Faɗuwar Fatar Ido: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya

 

An ba mu dama mu yi magana a madadin waɗanda ke raka marasa lafiyarmu asibiti. Mu dai 'yan kasuwa ne, goro muke saye muna aikawa Arewa. Amma yawan zama a bencin asibitin koyarwa na nan Badun, wato UCH da ke Oritamefa, muna yi wa 'yan'uwa tafinta tsakaninsu da likitoci, ya sa kunnenmu ya ɗebo wasu abubuwa da bai kamata mu riƙe mu kaɗai ba. Yau a kan ciwo guda za mu tsaya, domin muna ganin yadda ake yi masa gurguwar fahimta a unguwar nan.

Ga yadda yake zuwa. Mutum ya kwanta lafiya lau, gari ya waye ya ga buta ta zama biyu, ƙofa ta zama biyu, ɗansa da ya zo gaishe shi ya zama biyu. Wani kuma fatar idonsa ɗaya ce za ta sauko ta rufe idon ruf, ya yi ya yi ta ƙi ɗaguwa, in an ɗaga masa da yatsa a ga ƙwayar ta karkace ta koma gefe tana kallon ƙasa. Kafin hantsi magana ta zaga unguwa. Wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce ai abokin ciniki ne ya yi masa jifa.

To jama'a, likitocin ido sun yi mana bayanin abin, kuma bayanin yana shiga hankali. Kowane ido yana da tsokoki 6 da suke juya shi, sama da ƙasa, dama da hagu. Tsokar nan ba ta motsi da kanta sai umarni ya zo mata daga ƙwaƙwalwa ta cikin jijiya. A nan sai mun yi hattara da Hausarmu, domin mu da jijiyar da jini ke gudu a ciki da jijiyar da ke kai saƙo duk jijiya muke ce musu, alhali kuwa abu biyu ne daban. Ta saƙon muke nufi. Irinta guda 12 ne suke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓari, likitoci sun ba su lamba, kuma uku daga ciki, ta 3 da ta 4 da ta 6, su ne linzamin ido. Wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san in sa ɗaya ya tsaya ɗaya yana tafiya, kunya ba za ta miƙe ba. Haka idanu suke. In linzamin ɗaya ya saki, wannan ya kalli nan wancan ya kalli can, sai ƙwaƙwalwa ta karɓi hoto biyu.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi ba tare da ko kwabo ba. Mai gani biyu-biyu ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, sa'an nan ya sauya ya rufe ɗayan. In duk wanda ya rufe abin ya koma ɗaya, to idanun ne ba su jitu ba, maganar jijiya ko tsoka ce. In kuwa da ido ɗaya a buɗe ma yana ganin biyu, to matsalar tana cikin idon kansa, kamar yana ko bukatar tabarau, wannan kuma wata magana ce.

Ta 6 ita ce aka fi gani, aikinta kuma ɗaya ne tak, jan ido zuwa waje, wajen kunne. In ta kwanta sai idon ya shigo wajen hanci kamar na harara-garke, mutum ya riƙa ganin abu biyu kafaɗa da kafaɗa, musamman abin da ke nesa. Direban da ya hango mota biyu alhali ɗaya ce, kun ga ai ba shi kaɗai ke cikin haɗari ba. Don haka muna roƙon direbobinmu masu ɗaukar goro da shanu, wanda abin ya sama ya ajiye makulli har sai likita ya ce ya koma.

Ta 4 kuwa ita ce mafi siranta cikinsu, tafiyarta a cikin kai kuma doguwa ce, shi ya sa buguwar kai take saurin taɓa ta. Wannan ta samarinmu 'yan acaɓa ce. Yaro zai faɗi da babur, ya tashi ya karkaɗe riga ya ce ba komai, bayan kwana biyu ya ga in zai sauka daga bene matakala tana hawa kan matakala, in ya buɗe littafi layi yana hawa kan layi. Ita hoton ɗaya bisa ɗaya take sa shi, kuma ya fi tsanani in an kalli ƙasa. Za ku ga mai ita yana langaɓar da kai wajen kafaɗa guda ba tare da ya sani ba, domin a haka hoton yake haɗe masa. Tun watan Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano a ƙasar nan, amma ku tsaya bakin titin Mokola ku ƙirga kawuna nawa ne a rufe. Wasu kuma da ita aka haife su, sai girma ya zo take bayyana. Shi ya sa likita kan ce a kawo tsofaffin hotuna, ko na fasfon aikin Hajji ne, ya duba ko da can ma kan a langaɓe yake.

Yanzu mu zo ga ta 3, wadda saboda ita muka nemi a ba mu wannan lokaci. Ita ce babbar yaya. Tsoka 4 cikin 6 a hannunta suke, ita ke ɗaga fatar ido, ita ce kuma ke tsuke baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido, wanda in an haska tocila yake ƙanƙancewa, in an shiga duhu ya buɗe. Cikin abubuwan da suke kwantar da ita a manya akwai guda biyu da tsakaninsu akwai nisa kamar sama da ƙasa. Na farko ciwon suga da hawan jini. Su sukan toshe 'yan ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar, sai tsakiyarta ta ji yunwa ta daina aiki. Na biyu kuma wata jijiyar jini ce a gindin ƙwaƙwalwa take kumburowa a inda ta yi rauni, kamar yadda robar cikin tayar keke take yin ƙulli, ƙullin ya danne jijiyar ido daga waje. Zaren da ke tsuke baƙin ɗigon nan a bayan jijiyar yake bi, wato ta waje-waje. Saboda haka in dannewa ce, galibi ɗigon yana buɗewa ya fi na ɗaya idon girma, ko an haska tocila ba ya tsukewa. In suga ne, galibi yana nan daidai da ɗan'uwansa.

Ƙullin nan, jama'a, in ya fashe jini ya zuba cikin kai, mutum yana iya rasuwa nan take. Faɗuwar fatar idon nan wani lokaci ita ce kaɗai sanarwar da yake bayarwa kafin ya fashe. Don haka wanda fatar idonsa ta faɗi farat ɗaya, balle in da ciwon kai mai tsanani irin wanda bai taɓa ji ba, ko amai, ko wuya ya sanƙare, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu da ƙafa sun saki, a ranar ake kai shi asibiti, ko da tsakar dare ne, ta ƙofar taimakon gaggawa. Kada a ce bari a ga gobe. Kuma kada wani ya haska tocila a gida ya ce ai ɗigon bai buɗe ba, a zauna. Su kansu likitocin a yanzu sukan so a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na jijiyoyin jini kafin su yanke magana a kan ta 3. In an gano ƙullin da wuri akwai aikin da ake yi a toshe shi.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne al'adar nan tamu ta zaman baƙunta. Da ciwo ya yi kama da na iska, sai a ce a mai da shi gida. A sa dattijo a gaban tirela, ya kwana yana jijjiga daga nan har Kano ko Sakkwato, alhali asibitin da ke da na'urar tun daga Sabo ko da ƙafa ana zuwa. Mun san dalili. Can akwai dangi, akwai mai jinya, ba wanda zai yi maka Yarbanci ko Turanci. Amma a fara kai shi nan tukuna a san ko wane iri ne. In likita ya ce ba na gaggawa ba ne, to a lokacin a yi shawarar tafiya, can ma akwai Asibitin Ido na Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano.

Ga kuma wani abu da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kai. Irin wanda suga ko hawan jini ya kawo, ko ta 3 ce ko ta 4 ko ta 6, mafi yawansa da kansa yake warkewa cikin kamar wata uku. To a cikin wata ukun nan an yi hayaƙi, an sha jiƙo, an biya mai magani, ido ya buɗe, sai mai magani ya ɗauki yabo. Shi kuwa sugan da ya jawo abin yana nan yana ɓarna, ba wanda ya auna shi. Hanyoyin jinin da suka toshe a jijiyar ido irinsu ne a ƙoda da ƙwaƙwalwa da ƙafa. Mutane da yawa ba su san suna da suga ko hawan jini ba sai ranar da ido ya karkace. Addu'a kam ba wanda ya hana, malamanmu ga su nan zaune, ba mu taɓa jin sun ce a bar awon jini don ana addu'a ba. Abin da muke hanawa shi ne ɗiga abu a ido, ko ruwan albasa, ko nonon mai jego, ko ɗan kwalbar da aka sayo a kemis ba da takardar likita ba. Ciwon yana can bayan ido cikin kai, abin da aka ɗiga ba ya isa wurin, sai dai ya ƙona lafiyayyen ido. Wasu magungunan ɗigawar ma in an daɗe a kansu hawan jinin ido suke kawowa.

Maganin asibiti ya danganta da sanadi. In suga ne da hawan jini, a daidaita su, mai shan taba ya bari, a riƙa komawa likita yana aunawa. Kafin a warke ana rufe ido ɗaya da ƙyalle ko a liƙe gilashin tabarau guda, don a samu a yi tafiya ba jiri. Akwai kuma wata 'yar leda mai karkatar da haske da ake mannawa a tabarau ta haɗe hoton biyu, in karkacewar ba ta yi yawa ba. In wata uku ya wuce ba sauƙi, ko abin yana ƙaruwa, sai a sake bincike. Wani lokaci akan yi wa tsokar da ta fi ƙarfi allurar Botox don ta saki na 'yan watanni. Allurar nan da matan Turai suke yi don goge tamoji a fuska, asalinta wani likitan ido ne na San Faransisko, Alan Scott, ya fara gwada ta a kan karkataccen ido, kuma Amurka ta amince da ita don wannan aiki a 1989. Fiɗa ita ce ta ƙarshe, ba a yin ta sai an jira aƙalla wata shida an ga karkacewar ta tsaya wuri guda. Kuma maganar da ake yaɗawa wai ana ciro ido a ajiye a faranti, ƙarya ce. Tsokar da ke jikin ido ta waje ake matsarwa ko a rage mata tsawo, idon yana nan a gurbinsa.

Iyayenmu mata, ta yara a hannunku take. Yaron da idonsa ya karkace farat ɗaya ba suga ke damunsa ba, dole a bincika, domin yana iya zama ƙari a cikin kai ko ruwa ya taru. Sanƙarau ma yana taɓa jijiyoyin nan, kuma waɗanda suka ga annobar 1996 a Arewa, wadda ta kama fiye da mutum 100,000, sun san abin da yake bari a jikin waɗanda suka tashi. Yaro ƙarami ba ya cewa yana ganin biyu. Ƙwaƙwalwarsa sai ta yi watsi da idon da ya karkace, in an bar shi haka ya girma idon ya raunana ke nan, ko an miƙe shi daga baya.

Kada kuma a haɗa wannan da karkacewar baki. Waccan jijiya ta 7 ce, mai ita idonsa rufewa yake ƙi, wannan kuwa buɗewa yake ƙi. Akwai kuma wanda da safe idonsa tar, da yamma fatar ta sauko, washegari ta sake ɗaguwa. Wannan a faɗa wa likita haka, domin wani ciwo ne daban na raunin tsoka, kuma yana da magani.

Wanda za a kai asibiti a tafi da kwalayen duk maganin da yake sha, har na gargajiya a faɗa, kada a ɓoye. A riƙe ranar da abin ya fara, da ko hoton gefe da gefe yake ko ɗaya bisa ɗaya, da ko an faɗi ko an bugu a kai. Wanda ba shi da mai yi masa tafinta ya aiko mana ofishin ƙungiya, ko da dare ne a buga ƙofar ɗayanmu. Kuɗin hoton ƙwaƙwalwa yana da nauyi, shi ya sa muke roƙon shugabanni a sa maganarsa cikin abin da za a tattauna a kan asusun taimako a zama mai zuwa.