Jawabi Ga Hakimai A Kan Fiɗar Matsarmamar Yara



Maganata a kan yara masu amosanin jini ce, watau sikila. Jininsu yakan lalace da wuri, gurɓinsa ya taru a matsarmama, ya daskare ya zama tsakuwa. Alamarta ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo, da amai, wani sa'i da zazzaɓi.

Da can sai an tsaga ciki. Amma a 1985 wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya fara cire matsarmama ta ƙananan kafofi. Yanzu akan sa yaro barci, a huda cikinsa wuri huɗu, kowace kafa ba ta wuce rabin inci ba, a hura iska, a zura madubi mai fitila, a ciro ta. Galibi bayan kwana kaɗan a sallame shi. Hanta ke yin ruwan ɗacin, saboda haka rashin matsarmama ba ya hana yaro girma.

Roƙona ku sanar da dagatai da masu unguwa, kada a kai irin wannan yaro ga wanzami don tsaga. A kai shi asibiti a ɗauki hoton cikinsa, gama in tsakuwa ta toshe hanya, rai na iya salwanta.

Allah ya ba mu lafiya, amin.