RUBUTU DA NATSUWAR ZUCIYA: DARASI DAGA RAYUWAR MALAM ABDULLAHI DA NANA ASMA'U



Gabatarwa

A yau an fi sanin Illela da kasuwar dabbobi, da ofishin kwastan, da manyan motoci masu tsallakawa zuwa Birnin Kwanni. Amma kafin Ingila da Faransa su shata wannan iyaka a farkon ƙarni na 20, ƙasar nan duka ɗaya ce, kuma ƙasar malamai ce. A Kwanni ne, bisa ga abin da zuriyar ta ruwaito, Musa Jakollo kakan Toronkawa ya sauka bayan ya baro Futa Toro. A Maratta, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Degel kuwa, inda ya zauna ya tara jama'arsa, tana nan kudu cikin yankin Gwadabawa.

Wannan lacca za ta ɗauki mutum biyu daga cikin waɗanda suka tashi a wannan yanki, wato Malam Abdullahi ƙanen Shehu da Nana Asma'u 'yar Shehu, domin a amsa wata tambaya da ke damun masu ilmin zamani. Sau da yawa akan ga mutum ya sami takardar shaida, ya sami aiki da albashi, amma ya wayi gari bai san abin da yake rayuwa dominsa ba. To, ina ake samun manufa, kuma ina alƙalami ya shiga cikin lamarin? Abin da za a nuna shi ne, waɗannan bayin Allah biyu sun sami natsuwa ne a lokacin da suka mai da baƙin cikinsu da ilminsu rubutu mai amfanar wasu mutane.

Ma'anar Farin Ciki a Wurin Magabata

Wajibi ne a fara da tantance kalma. Abin da malaman tasawwufi suke nufi da sa'ada ya bambanta da murnar da ake yi ranar ƙarin girma ko ranar biki. Suna nufin zuciya ta zauna wuri ɗaya, ta yarda da hukuncin Ubangijinta, ta rabu da hassada da kwaɗayi da son a gani. Irin wannan hali yana iya zama tare da hawaye da talauci.

Shahararren misali a duniyar Musulmi shi ne Imamu Gazali. A 1095 yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, sarakuna suna girmama shi, sai ya binciki niyyarsa ya tarar da son ɗaukaka ya gauraye da koyarwarsa. Ya ajiye matsayin, ya fita zuwa Sham, kuma a wannan zama na kaɗaici ya tsara Ihya'u Ulumid Dini. Littattafansa suna cikin waɗanda malaman Degel suka karanta, suka kuma yi tasiri a kansu. Saboda haka tun asali jama'ar Shehu, waɗanda 'yan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, sun ɗauki karatu da rubutu a matsayin wani sashe na gyaran zuciya.

Malam Abdullahi a Kano

Malam Abdullahi shi ne ya shugabanci rundunar jama'a a yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804, watanni kaɗan bayan hijira daga Degel zuwa Gudu. An ci nasara a ranar, amma abin da ya biyo baya mai ɗaci ne. A Tsuntsuwa, ƙarshen wannan shekara, an ruwaito cewa mahaddatan Alƙur'ani kimanin 200 suka yi shahada. A Alwasa, cikin 1805, an sake yin babbar hasara. Yawancin abokan karatun da suka san dalilin fitowa sun ƙare, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa, a ganin Malam Abdullahi, da yawansu hankalinsu ya koma kan sarauta da dawaki da tufafi da ganima.

Wajen 1807 abin ya kai masa iya wuya. Ya bar runduna, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka. Shi da kansa ya ba da wannan labari daga baya cikin Tazyinul Waraƙati. Da ya isa Kano sai mutanen garin suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da su tafsirin Alƙur'ani. Bayan haka ya fasa tafiya, ya komo wurin ɗan'uwansa.

A lura da abin da ya faru. Mutumin da ya fita yana gudun jama'a, buƙatar jama'a ce ta tsai da shi. Ɓacin ran da yake ɗauke da shi game da lalacewar shugabanni bai gushe ba, sai dai ya zuba shi cikin littafi, ya zama ƙa'idoji na yadda za a naɗa shugaba, da abin da ya wajaba kan waziri da alƙali, da yadda za a tara dukiyar baitulmali a kuma kashe ta. Da ya wuce Makka, da wataƙila ya sami sauƙin zuciya shi kaɗai. Da ya tsaya ya rubuta, sai ya sami aikin da ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Ko a 1817, lokacin da Shehu ya rasu aka naɗa Muhammadu Bello, abin da ya jawo 'yar tsama tsakaninsu har sai da suka shirya a Kalambaina, Malam Abdullahi ga koyarwa da wallafa ya jingina a Gwandu, har ya rasu a 1829. Babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'wili, har yanzu ana karanta shi a zaurukan malamai.

Nana Asma'u da Tarbiyyar Rashi

An haifi Nana Asma'u a Degel a 1793, tagwaye ita da Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira, ta sha tafiyar ƙasa da yunwa da fargabar yaƙi tare da sauran mata da yara. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Bello. Ta haddace Alƙur'ani, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Aikinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, a 1820, tana da shekara kimanin 27. Littafi ne na zube da Larabci, a kan halayen da ke halaka mutum da waɗanda ke tsirar da shi. Wannan ya nuna cewa gyaran hali shi ne mafarin alƙalaminta, kafin tarihi ko wani abu.

Wani babban sashe na waƙoƙinta marsiyyoyi ne. Ta yi wa baffanta Abdullahi, ta yi wa ɗan'uwanta Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha matar Bello. Ta kuma yi wa mutanen da ba sarauta gare su ba, kamar maƙwabciyarta Halima. Abin sha'awa game da waɗannan marsiyyoyi shi ne abin da ta zaɓa ta ambata. Bello sarkin yaƙi ne da ya ci garuruwa, amma a waƙar da ta bayyana halayensa ta fi mai da hankali kan ilminsa, da tsoron Allah, da adalci, da taimakon marasa ƙarfi. Ga talakawan ma haka, haƙuri da zumunci da sulhunta mutane ta lissafa. Ba ta ɓoye zafin rashi, takan faɗi kukanta fili, sa'an nan ta mai da lamarin ga Allah. Ta haka kowace mutuwa ta zame mata dalilin sake tambayar abin da ya cancanci a tuna da mutum saboda shi, ta kuma bar wa masu saurare ma'aunin da za su auna kansu.

'Yan Taru: Rubutu Mai Ƙafa

Shehu, cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da suke koyar da almajirai a waje, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa ce ta mai da wannan magana aiki. A zamanin Bello, musamman bayan yaƙin Gawakuke na 1836, garuruwa da ƙauyuka sun cika da mata waɗanda Hausa kaɗai suke ji, kuma da yawansu ga bori suke komawa idan ciwo ko damuwa ta same su.

Nana Asma'u ta zaɓi dattawan mata masu mutunci daga ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, sai ga shi ta koma alamar malama. Jaji takan jagoranci ayarin 'yan mata da tsofaffi su zo wurin Nana, su haddace waƙoƙi, su ji bayaninsu, su koma gida su koya wa matan aure waɗanda ba su da halin fita. Waɗannan su ne 'Yan Taru.

Saboda su ne ta riƙa sauƙaƙa ilmi. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani cikin gajeriyar waƙa domin a riƙe jerinsu. Ta yi Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jera salihan mata tun daga iyalan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da irin su Rabi'atul Adawiyya, har zuwa matan jama'ar Shehu waɗanda masu saurare suka sani da ido. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i. Mace mai irin wannan Larabci tana iya tsayawa ga musayar baitoci da manyan malamai, kuma ta yi hakan, amma ta zaɓi ta ba da ƙarfinta ga harshen da mai daka da mai ɗiban ruwa za su gane. Da ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Takardunta kuwa zuriyarta suka adana a gidan waziri, har Waziri Junaidu ya buɗe wa Jean Boyd su, ita kuma tare da Beverly Mack suka buga su a dunƙule a 1997.

Abin da Ya Shafi Ɗalibi da Ma'aikaci

Mai saurare yana iya cewa waɗannan waliyyai ne, shi kuwa akawu ne ko ɗalibi mai jiran jarrabawa. Amsa ita ce, babu wanda ya kai ma'aikacin hukuma yawan riƙon alƙalami. Rahoto, da wasiƙa, da rasit, da ɗan bayanin da ake yi a gefen fayil, duk rubutu ne, kuma wani lokaci fanshon tsoho ko gonar maraya tana rataye a kan layi guda. Daga cikin waƙoƙin Shehu na Fulatanci da Nana Asma'u ta mayar Hausa akwai Tabbat Haƙiƙa, wadda take gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa game da zalunci da cin amana. Ta ga ya wajaba talaka ya ji wannan gargaɗi da harshensa, shi ma mai iko ya san an ji. Ma'aikacin da ke zaune a bakin iyaka, inda sa hannu ɗaya yake buɗe hanya ko ya rufe ta, yana cikin waɗanda ake nufi.

Daga rayuwar mutanen nan biyu ana iya fitar da abubuwa uku. Na farko, binciken niyya kafin a ɗauki alƙalami, domin rubutun da aka yi don a yaba wa mai shi yunwa yake ƙara masa. Na biyu, kada a bar ɓacin rai ya ruɓe a ciki; a zauna a rubuta shi, a tace shi, har a gano wace gaskiya ce a ƙarƙashinsa, kamar yadda Malam Abdullahi ya yi a Kano. Na uku, a san wanda ake rubuta wa, a kuma yi masa magana da harshen da zai gane. Ɗalibin da ya karanci aikin likita ko noma ko shari'a, idan ya rubuta shafi biyu da Hausa mai sauƙi domin mutanen ƙauyensu, ya bi sawun jajin da ke tafe da malfarta.

Kammalawa

Tarihi bai nuna cewa alƙalami ya kare Malam Abdullahi daga takaici ko ya kare Nana Asma'u daga rashi ba. Sun sha duka biyu har suka koma ga Mahaliccinsu. Abin da ya nuna shi ne, sun san abin da suka tashi yi kowace safiya, sun kuma san don wa suke yin sa, wannan kuwa shi ne abin da mai albashi da yawa yake nema bai samu ba. Hausawa suna cewa abin da mutum ya shuka shi yake girba. Takarda da tawada suna hannun kowa a wannan zaure, saura niyya.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa a yi koyi da su.